Ranar da Na Yi wa Kawuna Tambayoyi a Gaban Alƙali

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana zan zauna in rubuto nawa ba. Ni lauya ne, yanzu furfura ta cinye mini kai. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen da zan yi magana a kansu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma har yau muna haɗuwa a wajen jana'iza.

Lokacin da abin ya faru ina matashi, sabon aure, ban daɗe da fara aiki a Kano ba a ƙarƙashin wani babban lauya wanda yawanci aikena yake yi kotu in nemi a ɗage zama. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa sai na ga lokacin komawa gida ya yi. Na kama shago a bakin titi a Birnin Kudu, na sa tebur da benci da 'yan littattafaina, na sa aka rubuta mini allo a ƙofa. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, can wajen hanyar Basirka, kuma ni ne na farko a garinmu da ya taɓa sa baƙar riga da hular lauyoyi. Mutanenmu suna ji da ni sosai. Duk wanda ya shigo Birnin Kudu sai ya biyo ta ofishina ko ba shi da wata damuwa, ya zauna a benci ya sha ruwa, ya koma gida ya ba da labarin ya ga Lauya. Ni ma abin yana yi mini daɗi, ina ganin babu abin da zai taɓa shiga tsakanina da su.

Mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, saboda haka a gidan kawuna na tashi, yayan mahaifiyata. Shi ya kama hannuna ya kai ni firamare a zamanin da wasu ke ɓoye 'ya'yansu kada a ɗauke su boko. Mutum ne mai zafi amma mai gaskiya, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Babban ɗansa sa'ana ne. Tabarma ɗaya muka kwanta, akushi ɗaya muka ci, tare aka yi mana kaciya. Shi ya tsaya a gona, ni na bi karatu, amma wannan bai raba mu ba. Duk hutun da na zo, shi ke zuwa bakin titi da keke ya ɗauko mini akwati, yana tsokanata wai hannuna ya yi laushi kamar na amarya. Ban taɓa kiransa ɗan kawu ba, ɗan'uwana nake cewa, kuma haka zan kira shi a nan.

Wata shekara da kaka, an gama girbin gero dawa tana tsaye, aka aiko mini da babur cewa in zo gida maza. Shanu sun shiga gonar ɗan'uwana da ke fadama da la'asar, ya je ya kore su, aka tsince shi kwance cikin kunyoyin gonar da saran adda a wuya. Kafin a samo motar da za ta kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da yara ƙanana. Ina cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi, kuma har yau in na rufe ido ina jin nauyinsa a hannuna. A wajen jana'izar kawu bai yi kuka ba. Da aka shafa fatiha ya ɗaga murya ya ce ya ga wanda ya yi, da idonsa ya gan shi yana gudu, kuma ya kama sunan wani matashi ɗan rugar da ke bayan garinmu.

Mutanen rugar nan ba baƙi ba ne. Tun kakanninmu suke zaune a wurin, suna kiwo suna noma, Hausa suke yi kamar mu, Fillancin ma tsofaffinsu ne kawai ke ji sosai. Masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa, nonon da muka sha muka girma daga hannun matansu ya fito. Sai dai shi matashin da kawu ya ambata sun taɓa yin cacar baki da ɗan'uwana a kan burtali, wato hanyar da shanu ke bi zuwa rafi, kowa kuma ya san da wannan. Daga maƙabarta samarin gari suka zarce ruga. Suka cinna wa bukkoki wuta, suka kori mata da yara, suka sami matashin kwance a ɗaki da ƙafa a kumbure suka jawo shi. Suka ce wajen gudu ya ji ciwo. Da dattawa ba su shiga tsakani ba da a nan za a ƙarasa shi. Aka miƙa shi ga hukuma. Ni ban je rugar ba, amma da aka ba ni labari ban ji tausayin kowa ba. Kawu ya ce ya gani, ni kuwa ban taɓa jin kawu ya yi ƙarya ba. Na koma Birnin Kudu ina fatan a rataye shi.

Shari'ar ta daɗe ba a fara ba. Jiha sabuwa ce, ana ta kwaso takardun ƙararraki daga Kano, alƙalai da lauyoyi ba su da yawa, mai jiran shari'a sai ya yi ta jira. Fiye da shekara biyu ta wuce. Wata safiya ina zaune a babbar kotu ina jiran a kira wata ƙarar fili da nake yi, sai aka shigo da wani mutum da ankwa, ramamme, yana ɗingishi. Sai da magatakarda ya karanta sunan mamacin sannan na gane ko wane ne. Laifin da ake tuhumarsa da shi hukuncinsa kisa ne, doka kuma ba ta yarda a yi irin wannan shari'a mutum ba shi da lauya ba. Alƙali ya duba bencin lauyoyi, ban da lauyan gwamnati ni kaɗai ne, sai ya nemi in tsaya wa mutumin. Na miƙe na shaida masa cewa wanda aka kashe ɗan'uwana ne. Ya ba ni haƙuri, ya ɗage zaman har a samo wani. Da gandirobobi suka zo wucewa da shi ta gabana, sai ya tsaya ya ce, “Lauya, na san ba za ka tsaya mini ba. Amma don Allah ka zo ka ji ta bakina ko sau ɗaya. Tun da aka kama ni babu wanda ya tambaye ni inda nake ranar.”

Na yi kwanaki maganar tana cina. Da na tashi zuwa gidan yari ban je don taimakonsa ba, na je ne in kalli idon wanda ya kashe mini ɗan'uwa in ji ƙaryar da zai shirya. Aka fito da shi, muka zauna a wani benci a ƙarƙashin rumfa. Bai yi rantse-rantse ba, bai roƙe ni komai ba. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mini idon sawunsa, inda fata ta lotsa ta yi baƙi. Ya ce kububuwa ce ta sare shi a gonar gyaɗa kafin ranar da abin ya faru, mahaifinsa ya ɗora shi a jaki ya kai shi wani ɗakin shan magani da ke kusa da Basirka, ya kwanta a can jini yana fita ta dasashinsa, ba ya ko iya zama. A can yake ranar da aka yi kisan. Washegari da safe aka dawo da shi gida, bai ma gama hutawa ba sai ga samari da wuta. Ya ce ya faɗi wannan tun ranar farko, aka ce kowane mai laifi da irin labarinsa. Na tambaye shi ina danginsa. Ya ce tun bayan ƙonewar ruga suka kaɗa shanunsu suka yi kudu wajen ƙasar Bauchi, yayansa ne kawai ke leƙo shi jefi-jefi, matarsa kuma iyayenta sun ɗauke ta. Yana magana yana tari, irin tarin da ke fitowa daga can cikin ƙirji. A lokacin ban ba tarin muhimmanci ba.

Na hau babur na nemi ɗakin shan maganin, ina fatan in tarar ƙarya ce in huta. Mai kula da wurin wata mata ce Kirista daga wajen Filato, ta shekara da shekaru a yankin har kowa Sista yake ce mata. Ban gama bayani ba ta gane wanda nake nufi. Ta ce ba za ta manta da shi ba, domin ta fid da rai zai tashi, kuma ranar da labarin kisan ya iso wurinsu da yamma yana kwance a gabanta tana canza masa ƙyallen ƙafa. Ta ce da ta ji an kama shi ta yi ta jiran wani ya zo ya tambaye ta, ba wanda ya zo, ita kuma baƙuwa ce, tana tsoron ta kai kanta cikin rigimar jini tsakanin 'yan gari. Ta kuma kwatanta mini wani dattijo manomi daga wani ƙauye dabam wanda ya yi jinya a gado na kusa da shi. Na je na same shi a gona, ya faɗi abin da ta faɗa, har ya ƙara da cewa tare suka ji labarin, matashin ya yi salati ya ce Allah ya ji ƙan mamacin. A hanyar dawowa na tsayar da babur a gindin wata tsamiya na zauna.

Kafin in yi komai, gida na fara zuwa. Na sami kawu a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da na gano ba tare da na ɓoye komai ba. Na roƙe shi ya sake tunani, ko dai wani ya gani ya ɗauka wannan ne, domin a irin wannan lokaci na kaka akwai baƙin makiyaya masu wucewa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko yanzu maganar wata baƙuwa ta fi tasa a wurina. Ya ce shi ya san abin da ya gani, in kuma boko ya koya mini in tsaya wa wanda ya yanka ɗan'uwana, to ya yi nadamar ranar da ya kama hannuna ya kai ni makaranta. Na shiga cikin gida wajen Inna, mahaifiyata. Ita ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ba ta ce in yi ƙarya ba, ba ta ce in cuci kowa ba, abu ɗaya take roƙo: in bar wa wani lauyan. Ta ce lauyoyi sun cika duniya, amma ita yaya ɗaya gare ta.

Na yi ƙoƙarin bin maganarta, Allah ne shaida. Na je Kano wajen tsohon maigidana, na bi abokan karatuna ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce nisa, wani ya ce aiki ya yi masa yawa, wani ya karɓa ya zo sau ɗaya bai sake dawowa ba. Maigidana ma shawarar da ya ba ni ita ce in cire hannuna, ya ce shari'a takan ƙare amma dangi ba sa ƙarewa. Ana ta ɗage zama, mutumin yana ta ramewa. Ranar da aka sake kawo shi na ga sai da gandiroba ya riƙe shi ya hau matakala, na miƙe na ce wa alƙali zan karɓa, in wanda ake tuhuma ya yarda duk da ya san dangantakata da mamacin. Aka tambaye shi, ya ce ya yarda. Kafin in koma ofis labari ya kama hanyar Gwaram.

Daga ranar bencin ofishina ya zama fanko. Mutumin garinmu zai hango ni a tasha ya juya baya. Aka ce an saye ni da shanu, aka ce dama tun ina yaro ina baƙin cikin ɗan'uwana. A cikin wannan hali matata ta haifi ɗanmu na fari. Tun ranar jana'iza na yi niyyar in Allah ya ba ni namiji zan mayar da sunan marigayin. Kawu ya aiko a faɗa mini bai yafe ba in na sa wa ɗana sunan ɗansa. Ranar suna na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta da abokan aiki suka zo, amma daga garinmu ko mutum ɗaya bai tako ba, har da Inna. Naman sunan da na aika gida aka dawo mini da shi a cikin kwanon da na zuba. Matata ta yi kuka har na ji tsoron kada ya taɓa lafiyarta, ta tambaye ni ko mutumin nan da ban haɗa komai da shi ba ya kai a yi mana haka. Na ce mata kawai in na janye za a rataye shi, kuma ni na san bai yi ba.

Ranar da kawu zai ba da shaida kotu ta cika da mutanen garinmu, wasu a tsaye a bakin taga. Ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a, ya rantse, lauyan gwamnati ya bi da shi a hankali ya maimaita abin da ya daɗe yana faɗa. Sannan aka ce saura ni. A babbar kotu da Turanci ake magana, tafinta yana juyawa, ni kuma na ji daɗin hakan domin ina so in ɓuya a bayan Turancin. Na yi tambaya ta farko, tafinta ya fara fassarawa, sai kawu ya ɗaga masa hannu ya juyo ya dube ni.

“Ka tambaye ni da bakinka,” in ji shi. “Da Hausa na raine ka.”

Alƙali ya yarda in yi da Hausa, tafinta ya riƙa juya wa kotu. Na tambaye shi inda yake tsaye lokacin da ya ji ihu, ya ce a gonarsa ta tsallaken rafi. Na san gonar, na yi noma a cikinta har hannuna ya yi kanta. Na tambaye shi ko dawar da ke tsakaninsa da fadama ba ta fi tsayin mutum ba a wannan lokaci, ya ce ta fi. Na tambaye shi ko mai kallon fadama daga wurin da la'asar ba rana yake fuskanta ba, ya ce haka ne. Saura tambaya ɗaya, wadda na kwana biyu ina roƙon Allah ya sa kada in buƙace ta.

“Kawu, a shekarar da abin ya faru, da bazara, an kai ka asibitin ido a Kano?”

“An kai ni.”

“Me likita ya ce?”

“Ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, sai an yi aiki.”

“An yi aikin kafin ranar?”

“Ba a yi ba.” Ya daɗe yana kallona. “Kai ka kai ni. Kai ka riƙe mini hannu muka tsallaka titi.”

Na tambaye shi ko ya ga fuskar mutumin da ya gudu. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ga mutum da malafa da sanda yana kutsawa cikin dawa, fuska kam bai gani ba. Sai ya ɗago, hawaye yana bin gemunsa, mutumin da bai yi kuka a bakin kabarin ɗansa ba, ya ce, “To in ba shi ba ne, wane ne? Kai da ka yi karatu, faɗa mini wanda ya kashe mini ɗa.” Na ce wa alƙali na gama, na zauna, na kasa ɗaga kaina har aka fita da shi.

Bayan haka Sista ta zo ta ba da shaida, ba ta canza ko kalma ba, dattijon nan manomi ma ya zo. Alƙali ya yanke hukunci cewa babu hujjar da ta nuna mutumin ya aikata, ya sallame shi ya wanke shi. Lauyoyi suka riƙa miƙo mini hannu, ni kuwa ban ji wani daɗi ba. Da aka cire masa ankwa a harabar kotu bai yi murna ba shi ma, ya zauna a ƙasa yana tari har na ga jini a bakin rigarsa. Na kai shi asibiti, aka ce tarin fuka ne, ya riga ya ci huhun. Ya ɗan yi jinya, yayansa ya zo ya tafi da shi wajen danginsu. Damina ba ta kai ƙarshe ba yayan ya dawo ofishina da ɗan ƙoƙon man shanu a hannu, ya ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce kafin ya cika ya bar saƙo a gaya mini ya gode, ko ba komai ya mutu a cikin 'yan'uwansa ba da sunan mai kisan kai ba. Ya kuma ce a gaya wa tsohon ya yafe masa. Wannan saƙo na biyu ban taɓa samun hanyar isar da shi ba.

Kawu bai sake yi mini magana ba har ya bar duniya. Duk sallah ina zuwa, in durƙusa a ƙofar zaure in yi gaisuwa, ya juya fuska bango, in tashi in tafi. Idon ma ya ƙi yarda a yi masa aiki, ya ƙarasa rayuwarsa a makance. Mutanen gari suka ce ni na tozarta shi a bainar jama'a, na mai da shi maƙaryaci bayan ya rantse, baƙin cikin haka ne ya kwantar da shi. Da ya rasu na je, na yi sallah a sahun ƙarshe. A wajen zaman makoki na tsaya a bakin tabarma, babu wanda ya matsa mini, har na gaji na koma gindin katanga na tsuguna. 'Ya'yan ɗan'uwana, waɗanda na so in riƙe in sa a makaranta, aka hana ni ko ganinsu. Sun girma suna jin cewa ni ne na kuɓutar da wanda ya kashe ubansu. Wanda ya yi kisan na gaskiya kuwa har yau ba a san shi ba. Lokacin da ya kamata a bi sawunsa kowa ya tafi ruga.

Inna ta rayu shekaru bayan yayanta. Tana amsa gaisuwata, tana karɓar jikokinta, amma ta ƙi tarewa a gidana, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai a ciwonta na ƙarshe, tana kwance a asibiti a Birnin Kudu ina ba ta kunu da cokali, ta ce tana so ta faɗa mini wani abu. Ta ce tun ranar da na zo na durƙusa a zaure ta san gaskiya na faɗa, kuma tana jin kawu ma ya sani a ransa. Ta ce mutum ne da aka yanka masa ɗa, yana neman wanda zai riƙe, da na ƙwace wannan sai ya rasa kowa sai ni. Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta ce, “Ban taɓa riƙe ka da laifi ba balle in yafe. Amma ciwon bai daina ba, kuma da shi zan tafi.” Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Na ci gaba da aikin lauya, kuma tun daga wannan shari'a yawancin ƙarfina ya koma kan mutanen da ke tsare suna jiran shari'a ba su da mai tsaya musu. Wasu na fitar, wasu na makara. Mutane sukan yaba mini su ce na tsaya a kan gaskiya, ni kuwa in na tuna abin ba yabo nake ji ba. Ban yi nadamar karɓar shari'ar ba, ko yau aka sake kawo ta zan karɓa. Abin da ke damuna shi ne shekarun da mutumin nan ya yi a tsare tari yana cinsa, ni ina Birnin Kudu da ilimin doka a kaina, ina cikin masu jiran a rataye shi, ban taɓa tambayar kaina ko an bincika ba. Gari guda muka yarda, saboda wanda ya faɗa mutumin kirki ne kuma muna cikin zafin rashi. Ban san mai gaskiya ma yana iya rantsewa a kan abin da zuciyarsa ta nuna masa ba idonsa ba, sai da na gani a gidanmu.

Ga matasan da ke sha'awar wannan aiki, ina so ku sani tun yanzu cewa ba kullum azzalumi za ku tarar a ɗaya ɓangaren ba. Wata rana wanda za ku tsaya a gabansa shi ne wanda ya goya ku, kuma ko kun yi nasara babu wanda zai mayar muku da abin da kuka rasa. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ba gara ya nemi wata sana'a. Ga sauran jama'a kuma, musamman mu mutanen karkara da rigimar gona da shanu ba ta ƙare mana, ina roƙonku don Allah: in an zubar da jini, kada ku tashi daga maƙabarta ku nufi gidan kowa. Kada tsohuwar gaba ko irin hular da mutum ya sa ta zama shaida. Ku tambayi wanda ake zargi inda yake, ku taka ku je ku duba, ko da wanda ya nuna shi mahaifinku ne. Tafiyar da na yi a kan babur ba ta kai yini ba, kuma da an yi ta tun a ranar farko da ruga ba ta watse ba, da kawuna bai rantse a kan abin da bai gani ba, da wataƙila an kama mai laifin. Ku yi tambayar da wuri, tun mutumin yana da sauran huhun da zai shaƙi iskar waje in an sake shi.

Allah ya ji ƙan ɗan'uwana, ya ji ƙan kawuna da mahaifiyata, ya ji ƙan bawan Allahn nan da muka zalunta.